Ummi ta ce aljana mai kirki ba ta zama baƙa

Baban Ummi (Garwa): Salamu alaikum jama'ar gida, ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abu ne ya tsaya min a rai tun jiya. Kun san sana'ata, cajin waya da tura wa mutane fim a kat memwar. To jiya da la'asar an ɗauke kuran ba ciniki, Ummi ta dawo daga lekol ta zauna kan benci tana zane a bayan littafinta, ta zana wata yarinya mai fukafukai da rawanin sarauta, tace Baba miƙo min kala. Na miƙa mata ruwan ƙasa, sai ta ture hannuna tace a'a wannan aljana ce mai kirki, ruwan hoda za ka bani. Nace to mai kirki ba ta zama kalar mu? Ko ɗago kai bata yi ba tace Baba ai a fim baƙaƙen su ne mugaye. Shekararta 8, kuma wlh kalata ta ɗauko sak, baƙa ce wuluk mai kyau. Abin da yafi ƙona min rai ni da hannuna na tura mata fina-finan nan. Da wuta ta dawo na buɗe kwamfuta na bi na tatsuniya da na sararin samaniya ɗaya bayan ɗaya, in ka ga baƙi to ko shine dodon, ko bawan jarumi, ko wanda zai fara mutuwa tun ba'a ci rabin fim ba. Ni ne nake ƙara wa abin gishiri ko kuma kuna gani?

Kawu Direba: Wa alaikumus salam. Ɗana kai ma da neman magana. Yarinya tayi zanenta shine zaka hana kanka barci? Fim ai ƙarya ce aka shirya, wanda ya zuba kuɗinsa shi zai sa fuskar da yake so. Mu da muka taso muna kallon Indiya da Chanis wa ya koma ɗan Chana a cikinmu

Ɗan Kusuri: Kawu da girmanka amma ba ƙaramin abu bane. Yaya Baban Ummi ka tura mata Black Panther mana, na 2018, daga sarki har masu gadi har mai ƙera makamai duk baƙaƙe ne, kuma mai ƙera makaman ma yarinya ce ƙanwar sarki. Fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1.3, ya rufe bakin masu cewa fim ɗin baƙaƙe baya ciniki a duniya. Matar da ta tsara tufafin, Ruth Carter, ta ci Oscar a 2019. Ni sau shida na kalla, ranar da Chadwick Boseman ya rasu a Agustan 2020 kamar an min rasuwa a gida

Na Mokolo: Ɗan Kusuri tsaya. Tunda ka kalla sau shida ka tuna min wurin da aka fara nuna sarkin yana faɗa. An rubuta a allo ƙarara, dajin Sambisa, Najeriya. Motoci cike da mata masu mayafi an sato su, maza da bindiga, ɗaya ya ɗora wa mace bindiga yana rantsuwa da wallahi. To su waye waɗannan? Mu ne fa. A duk fim ɗin wurin da aka nuna mai kama da ni da ƙannena mata kenan, ko ɓarawon mutane ko wadda aka sace. Ni na kalle shi a wani shago nan Mokolo, mun kai mu ashirin an haɗa ƴan sefa an sa wa janareto mai, da aka zo wurin nan yara suna ta ihu suna tafi, wani bawan Allah da yake zaune kusa da ni wanda daga sansanin ƴan gudun hijira na Minawawo yake shigowa neman aikin lebura ya tashi shiru ya sa takalminsa ya fita, bai dawo ba. Ni ban tambaye shi ba amma kowa ya san abin da ya koro mutanen sansanin nan daga Barno. Abin da ya ci mana Kolofata da Amchide da Fotokol shekara da shekaru, su sun gama da shi a ƴan mintoci sarki ya hau jirginsa ya koma gida.

Ɗan Kusuri: Toh amma ai ceto su yayi

Na Mokolo: Ya ceto su, eh. Dama ba su ya zo nema ba, tsohuwar budurwarsa ya zo ɗauka ta je bikin naɗin sarautarsa. Ka sake kallo na bakwai

Malama ƴar Marwa: Hhhh Na Mokolo ka kashe yaron nan. Amma bari in raba muku, duk ku biyun kuna da gaskiya, sai dai ba abu ɗaya kuke magana a kai ba. Fim ɗin nan baƙaƙen Amurka suka yi wa kansu, kuma ciwon da ke cikinsa nasu ne, na wanda aka kwashi kakanninsa a jirgin ruwa bai san garinsu ba bai san yarensu ba. Shi yasa Afirkar da suka gina ta zama haɗin gambiza, yaren Xhosa na Afirka ta Kudu ne ake yi, bargon Lesotho, faifan leɓe na Mursi na Habasha, zoben wuya na Ndebele, rawanin Buzaye, duk a ƙasa ɗaya, kuma yawancin ɗaukar a Atlanta akayi. Ga wanda aka raba da asalinsa wannan magani ne, ban raina ba ko kaɗan. Amma ni da na san bambancin Bafulatana da Bamusguma da Bakotoka tun daga ɗaurin zane, in na kalla sai inga kamar an zuba miyar kuka da ta yakuwa da folere a tukunya guda. Sannan kar a manta shi kansa jarumin turawa biyu ne suka ƙirƙiro shi a littafin zane a 1966, Stan Lee da Jack Kirby.

Baban Ummi (Garwa): Malama to in ba wannan ba me zan nuna mata? Don ni yanzu magani nake nema ba tarihi ba

Malama ƴar Marwa: Ka nuna mata shi mana, ban ce kar ka nuna ba, yarinyar nan mai ƙera kaya kaɗai ta isa. Ganin kai a allo yana aiki. Akwai Nichelle Nichols da ta fito a Star Trek tun 1966 a matsayin jami'ar sadarwa a jirgin sama jannati, lokacin da baƙar mace a tele yawanci sai dai ƴar aiki. Ta so ta bar shirin, Martin Luther King da kansa ya roƙe ta ta zauna. Mae Jemison da ta zama baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992 ta sha faɗa cewa ganin matar nan ne ya sa mata sha'awa tun tana ƙarama. Kawu ka ji, ƙaryar fim ta kai mutum sama da gaske

Kawu Direba: Naji ƴata. Allah ya kai Ummi ita ma. Ni dai a fara gyara mana hanyar Mora zuwa Kusuri kafin a tafi wata

Maman Walid (Njamena): Ni tun ɗazu ina karantawa ina dariya, kowa ya ɗora wa bature. Baban Ummi tsakaninka da Allah fim ɗin turawa nawa ƴarka take kallo, na Indiya mai fassarar Hausa nawa? Ku tuna Bahubali na 2015 da ba gidan da ba'a kalle shi ba daga nan har Ngaundere. Jarumai farare tas, rundunar mugayen da suka kawo hari fa? An shafe su da baƙi, haƙora a lalace, ana musu wani yare na ƙaƙale kamar ba mutane ba. Mu kuma muna zaune muna tafi ana karkashe su, har yara suna tsokanar junansu da sunan su a unguwa, duk yaron da yafi duhu shi ake kira da shi. Walid ɗina da kuka ya shigo min rannan.
Sannan ni kayan kwalliya nake saidawa, bazan ɓoye ba. Abin da nake gani a shago ya ishe ni. Uwa ce zata zo da ƴa ƴar shekara sha huɗu tace a haɗa mata mai ta ɗan washe kafin biki, in nace Hajiya fatar yarinyar nan lafiyarta lau tace ke dai haɗa, wa zai kalli baƙa. Na daina haɗawa, sun koma shagon gaba. To wannan uwar Holiwud ce ta koya mata?

Ɗan Kusuri: Anti wlh kin faɗi gaskiya, ko a fina-finan Kano ka duba wa ake ba gimbiya wa ake ba ƴar aiki ko boka

Ustaz na Ngaundere: Assalamu alaikum. Hajiya Maman Walid ta taɓo inda nake so. Mu leƙa cikin bakinmu tukuna. A tatsuniya da labaran da muka tashi da su, farin aljani shine musulmi mai taimako, baƙin aljani shine mugu. Muna cewa farin jini da baƙin jini, farar aniya da baƙar aniya, farin ciki da baƙin ciki. Ban ce duk wannan maganar fata bace, dare da rana ne asalin da yawa daga ciki, ɗan Adam ko'ina yana tsoron duhu. Amma yaro ɗan shekara 8 ba ya rarrabewa, yana ji ana cewa baƙi mugu ne kuma ya duba hannunsa. Haka Dare Dubu da Ɗaya da muke ji da shi, tun a buɗe littafin da aka tashi nuna cin amanar matar sarki da wa aka haɗa ta? Da baƙin bawa. Wannan ya riga sinima da ɗaruruwan shekaru. Alhali a Suratur Rum aya ta 22 Allah ya sanya saɓanin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinsa. Kuma in jarumi baƙi ake nema ba sai an je Amurka ba, ga Antar ɗan Shaddad, uwarsa Zabiba baiwa ce Bahabashiya, ubansa ya ƙi karɓarsa a matsayin ɗa sai da takobinsa ya ƙwato masa, waƙarsa tana cikin Mu'allaƙat, manyan waƙoƙin Larabawa na kafin Musulunci, da ake karantawa a zaure har yau. Kakanninmu sun san labarin Antar sarai, mu ne muka yar.

Na Mokolo: Allah ya ƙara ilimi Ustaz. Amma ni fa har yanzu ina kan bakata, ba fata kaɗai ba, har da rawani da mayafi. Ku duba fim ɗin zoben nan Lord of the Rings, mutanen kudu masu hawa giwaye sun naɗe fuska kamar mutanen mu na sahara, a bayan wa suke? Bayan mugun. Ku duba Dune, marubucin tun 1965 ya kwashi kalmomin Larabci ya zuba, har Mahadi, mutanen hamada masu tsimin ruwa kamar ƴan arewacin Chadi, aka ɗauki fim ɗin a hamadar Jodan da Abu Dabi, amma wanda zai zo ya jagorance su ɗan sarki ne fari daga wata duniya. Kayanmu suna so, hamadarmu suna so, mu ne dai basa so a gaba

Malama ƴar Marwa: Kan Dune zan ɗan ja da kai ƙanena. Marubucin da gangan ya yi hakan, gargaɗi yake a kan bin mai ceto ido rufe, a ci gaban labarin yaron nan bala'i ya jawo wa duniya. Sai dai na yarda mai kallo a shagon Mokolo ba wannan zai gani ba, zai ga bature a gaba masu rawani a baya suna masa sujada.

Na Mokolo: To ai ni mai kallo a shagon Mokolo ne Malama hhh

Ɗan Kusuri: Ni abin da ke bani mamaki yadda wasu turawan ke haukacewa in an sa baƙi. John Boyega, iyayensa ƴan Najeriya ne, da ya fito a Star Wars a 2015 zagi ba irin wanda bai sha ba, a fostar da aka kai Chana ma sai da aka ƙanƙantar da hotonsa. A 2022 an sa baƙi a matsayin irin aljanun nan masu dogon kunne a shirin zoben, aka yi ta ihu. A 2023 Halle Bailey ta fito a ƴar ruwa, nan ma ihu wai ba haka take ba a asali. Jama'a ƴar ruwa fa! Wa ya taɓa ganinta balle ya san kalarta? Mu nan Logon masunta suna bada labarin mutanen ruwa tun kaka da kakanni ba wanda yace turawa ne

Kawu Direba: To nan kam zan goyi bayan turawan kaɗan. In aka tashi yin fim ɗin Bayajida ko Sarauniya Amina aka ɗauko baturiya aka naɗa mata rawani zaku yarda? Kowa ya riƙe nasa. Roƙon a sa mu cikin tatsuniyar wani shine ni ban gane ba, kamar mai zuwa biki ba gayyata yana rigimar ba'a bashi kujerar gaba ba

Maman Walid (Njamena): Kawu ai bikin a ɗakinmu ake yinsa, a wayar ƴaƴanmu, da kredin mu

Malama ƴar Marwa: Kuma Amina mutum ce mai gari mai dangi, Zazzau tana nan. Ƴar ruwa bata da ƙauye. Amma rabin maganar Kawu ina tare da ita, a fenta wa tsohon labarinsu baƙar fuska bai kai a yi namu ba. Kuma ana yi, mu ne bama nema. Nnedi Okorafor, iyayenta Ibo ne an haife ta a Amurka, har suna ta ware wa irin rubutunta don ta bambanta shi da na baƙaƙen Amurka, tace nata daga Afirka yake tashi ba daga can ba. Tana da littafin da ta kafa a Nijar a shekarar 2070, tana da wani na 2021 da ɗaya daga cikin manyan taurarinsa makiyayi ne Bafulatani a arewacin Najeriya, mutum mai hankali da shanunsa ba ɗan ta'adda ba. N. K. Jemisin, marubuciya baƙar Amurka, ta ci kyautar Hugo ta littattafan ƙagaggen kimiyya da tatsuniya sau uku a jere, 2016, 2017, 2018, kafin ita ba wanda ya taɓa yi a rukunin babban littafi. Nan gida Kamaru Jean-Pierre Bekolo yayi fim tun 2005 ya kafa labarin a Yawunde ta 2025. Yaran Kiro'o Games a Yawunde sun fitar da wasan kwamfuta Aurion a 2016, sarki da sarauniya baƙaƙe. Matsalar duk da Turanci ne ko Faransanci, kuma kusan duk kudu ne. Ɗalibaina a lise ko ɗaya ba su taɓa jin sunayen nan ba sai da na faɗa musu.

Ustaz na Ngaundere: Da Hausa ma an yi Malama. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, yaro Bahaushe aka ɗauka aka yi sama da shi yawon taurari, a shekarar da Amurkawa suka taka wata kenan. Kafin shi ga Ruwan Bagaja da Ganɗoki tun 1934, ƙasashen aljanu ba inda ba'a shiga ba, kuma ba wanda ya tsaya bayanin kalar jarumi don mai karatu ya san ɗan'uwansa ne. Mu a nan da muka yi lekol da Faransanci littattafan basu iso mu sosai ba, ni ma wajen wani kawuna da ke fatauci zuwa Yola na same su.

Ɗan Kusuri: Kai Ustaz yau na ƙaru wlh, ban taɓa ji ba. To ni kullum in na hau gadar Ngeli zan shiga Njamena tunanin da nake yi kenan, mu fa a kan kayan labari muke zaune. Sao da ake cewa ƙattai ne, wai mutum ɗaya ya saɓa giwa a kafaɗa, Kotoko suna cewa kakanninsu ne, ga tukwanensu manya a Gawi, har ƙungiyar ƙwallon Chadi sunansu take ci. Ga Tumai, ƙoƙon kan wani tsohon dangin ɗan Adam, da aka tono a hamadar Jurab a 2001 ana cewa ya kai shekara miliyan 7. Ga ɗakunan Musgum na Pus masu tsini da zane a jiki, in ka ɗauki hotonsu da magariba ka rantse wata duniyar ce. Ga duwatsun Rumsiki da bokan nan mai duba da ƙaguwa. A ce tafkin Chadi ya janye an ga ƙofar wani birni a ƙasa, wata yarinya mai kai wa babanta abinci bakin ruwa ta shiga... ni ko a waya sai in ɗauka

Na Mokolo: Ka ɗauka mu gani, amma in ka sa farar yarinya mai bilicin a gaba ni zan fara zaginka

Maman Walid (Njamena): Zai sa ne ai, in ba haka ba masu sayen ba zasu saya ba, ku rubuta ku ajiye. Ni na san kasuwa

Ɗan Kusuri: Haba Anti tun ban fara ba

Kawu Direba: Yaro in zaka yi ka sa direban tirela a ciki, baƙi mai furfura, kuma kar ya mutu a farko

Baban Ummi (Garwa): Hhhh Kawu ashe kai ma kana son kujerar gaban. Jama'a na gode, useko. Ɗazu bayan isha'i na gwada abin Ustaz, na kashe tele na zaunar da ita na fara bata labarin Antar iya abin da na tuna, rabi ma ƙirƙira nayi. Ta saurara har wurin da ya kori mahara ya dawo da raƙuma, sai tace Baba shi baƙi ne kamar kai ko kamar Kawu mai gawayi, nace kamar mai gawayi, tayi dariya har da faɗuwa. Sai kuma tace to matar da yake so ɗin fara ce ko? Nan na rasa ta cewa, nace gobe zan faɗa miki. Zanen dai na leƙa, aljanar tana nan ruwan hoda bata canza ba, sai dai ta ƙara mata wani ƙato a gefe da takobi ta cika shi da baƙin biro har takardar ta huje. Ustaz don Allah Abla, wadda Antar ke so ɗin, wace kala ce, kafin gobe da daddare

Ustaz na Ngaundere: Ƴar baffansa ce Balarabiya, kuma a waƙar an yabi hasken haƙoranta da ƙamshinta. Sauran ka san yadda zaka yi da ƴarka

Maman Walid (Njamena): Kace mata kalar Ummi ce kawai, waye zai kai ka ƙara

Malama ƴar Marwa: A'a kar ka mata ƙarya, zata girma ta karanta. Ustaz in littafin Dembo yana hannunka har yanzu ka ɗauko mana hoton shafukan ka turo, ina so in karanta wa ƴan ajina ranar Laraba

Ustaz na Ngaundere: Sai na bincika akwatin, ina tsoron gara ta riga mu. Rezo ma yana ta yankewa nan, in na samu zan turo da safe in sha Allah